Wa ke riƙe da linzamin kwamfuta?

Na taɓa zama a bayan wani aji ina kallon darasin kwamfuta na yara 'yan shekara goma sha biyu zuwa sha uku. Kwamfutocin ba su isa kowa ya samu tasa ba, sai malamin ya raba yaran uku-uku. A teburin da ke gabana akwai yara maza biyu da yarinya ɗaya. Kafin malamin ya rufe baki, ɗaya daga cikin mazan ya riga ya ɗora hannu a kan linzamin kwamfutar, ɗayan kuma ya jawo allon madannai gabansa. Yarinyar ta buɗe littafi, ta ɗauki biro, ta zama marubuciyar tawaga. Minti arba'in aka yi, hannunta bai taɓa na'urar ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne sau biyu mazan suna maƙalewa, kuma sau biyun ita ce ta miƙa yatsa ta nuna musu layin da kuskuren yake. Ba wanda ya hana ta, ba wanda ya daka mata tsawa, malamin ma mutumin kirki ne. A rubuce, su ukun duk sun halarci darasi. Amma biyu ne kaɗai suka koma gida da abin a yatsunsu.

Duk lokacin da na ji ana kira a ƙarfafa wa 'yan mata gwiwa su shiga harkar fasaha, teburin nan nake tunawa. Maganar ƙarfafa gwiwa tana tafe da wani zato, wai matsalar a zuciyar yarinyar take, ko tsoro ne ko rashin sha'awa, don haka maganinta jawabi mai daɗi. Yarinyar da na gani tana da sha'awa, kuma kanta yana ja fiye da na abokan zamanta. Linzami ne bai zo hannunta ba. Ra'ayina shi ne yawancin abin da ke raba mata da wannan sana'a irin wannan ne: ƙananan tsare-tsare da ba wanda ya zauna ya ƙulla da mugun nufi, amma suna tace mutane ɗaya bayan ɗaya, tun daga aji har zuwa ofis. Kuma abin da mutane suka tsara, mutane suna iya warware shi.

Mai cewa mata tun asali ba su da ra'ayin na'ura, tarihin kwamfutar kanta zai fara ba shi wahala. Kafin kalmar ta zama sunan inji, sunan ma'aikaci ce, mutumin da aka ɗauka ya zauna yana lissafi da takarda da fensir, kuma a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu mata ne suka cika wannan aiki. A 1945, da ake kammala haɗa ENIAC a Jami'ar Pennsylvania da ke Amurka, wata ƙatuwar na'ura mai nauyin tan 30, daga cikin waɗannan masu lissafi aka zaɓo mata shida su koya mata aiki: Kay McNulty, Betty Jennings, Betty Snyder, Marlyn Wescoff, Fran Bilas da Ruth Lichterman. A lokacin babu harshen rubuta manhaja, babu littafin jagora. Zanen wayoyin na'urar aka miƙa musu, suka zauna suka gano yadda take tunani, suna ba ta umarni ta hanyar soke wayoyi da murɗa makunnai da hannu. Da aka gayyato 'yan jarida a watan Fabrairun 1946, lissafin da suka shirya ne ya burge kowa, amma aka yi tuya aka manta da albasa, ba a gabatar da su ba. Shekaru kusan arba'in bayan haka, wata ɗaliba mai suna Kathy Kleiman ta ga hotunansu a gaban na'urar ta tambayi ko su waye, aka ce mata ai 'yan talla ne da aka tsayar don hoto ya yi kyau.

Ba su kaɗai ba ne. A Bletchley Park da ke Ingila, inda aka riƙa warware saƙonnin sirri na sojojin Jamus, kusan kashi uku cikin huɗu na ma'aikatan mata ne. Grace Hopper ta fito a 1952 da manhajar da ke fassara umarnin ɗan Adam zuwa abin da inji ke ganewa, kuma aikinta ne ya share fagen harshen COBOL na 1959, wanda har yau bankuna da yawa ke tafiya a kansa. Margaret Hamilton ce ta jagoranci tawagar da ta rubuta manhajar kumbon Apollo. A 1969, ana saura 'yan mintuna Apollo 11 ya sauka a kan wata, aiki ya yi wa kwamfutarsa yawa ta fara ƙarar gargaɗi. Yadda aka tsara manhajar, ta ajiye ƙananan ayyuka ta riƙe mafi muhimmanci, shi ya sa ba a fasa saukar ba.

Ga kuma adadin da ya kamata kowa ya riƙe. A Amurka, a 1984, kashi 37 cikin 100 na masu kammala digirin farko a kimiyyar kwamfuta mata ne. Daga nan adadin ya fara gangara, har ya kai wajen kashi 18 a kusa da 2010. A cikin waɗannan shekarun kuwa, yawan mata a karatun likita da na lauya hawa ya yi ta yi har ya kusa rabi. Halittar mace ba ta canza ba tsakanin 1984 da 2010. Ruwa ba ya tsami banza, wani abu ne ya faru da sana'ar kanta.

Abin ya fara tun kafin nan. A farko ana ganin haɗa ƙarfen na'ura shi ne aikin injiniya, ba ta umarni kuwa aikin akawu ne, shi ya sa aka bar wa mata. Da aka gano cewa a wajen umarnin nan wahalar take, kuma a nan kuɗin yake, sai martabar aikin ta tashi, kamfanoni suka shiga neman hanyar tantance ma'aikata. A shekarun 1960 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, William Cannon da Dallis Perry, suka yi wa masu rubuta manhaja sama da 1,300 tambayoyi, mafi yawansu maza, suka fito da siffar wanda ya dace da aikin: mai son warware matsala, wanda kuma bai damu da cuɗanya da mutane ba. Kamfanoni suka riƙa auna masu neman aiki da irin wannan ma'auni. Ka ga an auna waɗanda ke ciki, an mayar da halinsu sharaɗin shiga, sannan aka dawo ana cewa ai irin waɗannan ne kawai suke iyawa.

Sai kwamfutar gida ta shigo, Apple II a 1977, Commodore 64 a 1982, kuma tallanta ya fi karkata ga yara maza da wasanninsu. Jane Margolis da Allan Fisher, waɗanda suka fara hira da ɗaliban kimiyyar kwamfuta na Jami'ar Carnegie Mellon a 1995, sun yi ta jin labari iri ɗaya: an sayo kwamfuta a gida, an ajiye ta a ɗakin ɗa namiji, uba da ɗa suna kwance ta suna ɗaurawa, 'ya mace tana leƙe daga bakin ƙofa. A tsakiyar shekarun 1980 kuma ɗalibai sun yi wa sassan kwamfuta na jami'o'i yawa, malamai ba su isa ba, sai aka tsaurara darussan shekarar farko don a rage cunkoso.

A nan ne gizo ke saƙa, kuma ya kamata a duba shi da kyau. Ɗauki ɗalibai biyu a makon farko na jami'a. Shi ya yi shekara biyar yana wasa da kwamfuta a ɗakinsa. Ita ta fi shi maki a lissafi, amma yau ne ta fara ganin baƙin allon da ake rubuta umarni a kai. Malami ya jefo tambaya, shi ya amsa da kalmomin da ba ta taɓa ji ba, malamin ya yi murmushi, darasi ya ƙara sauri. Ita ba ta ga shekaru biyar ɗin da ke bayansa ba, amsar kawai ta gani. Sai ta yanke wa kanta hukunci cewa shi da baiwar aka haife shi, ita kuwa ta yi ɓatan kai. Malamin ma haka ya ɗauka. An ɗauki sabo a matsayin baiwa, alhali ratar da ke tsakaninsu ta zangon karatu ɗaya ce ko biyu. Kafin ratar ta rufe, ta riga ta koma wani sashe da makinta masu kyau. Wannan yana faruwa da duk wanda ya zo ba tare da sabo ba, har da yaron da ya tashi a gidan da ba kwamfuta, sai dai ita tana da ƙarin nauyi: idan ta waiga a ajin, ba ta ganin masu kama da ita da yawa, kuma kowane kuskure nata yana zame mata kamar shaida a kan dukkan mata.

Idan aka bar tarihi aka duba taswira, maganar halitta tana ƙara rushewa. Masu bincike da suka je jami'o'in Malesiya a shekarun 2000 sun tarar mata sun kai rabin ɗaliban kwamfuta, wani wurin ma sun haura, kuma ɗaliban ba sa kallon fannin a matsayin na maza. Alƙaluman UNESCO sun nuna mata sun haura rabin masu kammala digiri a fannonin kimiyya da fasaha da injiniyanci da lissafi a Tunisiya da Aljeriya, a Indiya sun haura kashi 40, alhali a Jamus ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. A duniya baki ɗaya adadin yana wajen kashi 35. Wannan ba ya nufin waɗancan ƙasashe sun gama da matsalar, domin da yawa daga cikin masu digirin ba sa kai wa ga aiki. Abin da yake nunawa shi ne kowace al'umma da kanta take yanke wane aiki ne na wa, kuma yara suna karanta hukuncin tun kafin a faɗa musu.

Da wuri suke karantawa kuwa. Wani bincike da mujallar Science ta buga a 2017 ya ba yara labarin wani mutum mai tsananin basira ba tare da an faɗi jinsinsa ba, aka ce su zaɓi hotonsa. 'Yan shekara biyar, maza da mata, kowa jinsinsa yake zaɓa. Daga shekara shida sai 'yan mata suka fara raguwa wajen zaɓar mace, suka kuma fara janye jiki daga wasan da aka ce na masu basira sosai ne. Shekara shida fa. Amma a gwajin ICILS na 2018, wanda ya auna iya aiki da kwamfuta na 'yan shekara 13 zuwa 14, 'yan mata ne suka fi maki a yawancin ƙasashen da suka shiga. A shekarar dai, binciken PISA ya tambayi 'yan shekara 15 aikin da suke sa ran yi, sai wajen kashi 8 cikin 100 na maza a ƙasashen ƙungiyar OECD, waɗanda yawancinsu masu arziki ne, suka ambaci fasahar sadarwa, 'yan mata kuwa wajen kashi 1. Iyawar tana nan, ganin kai a cikin aikin ne ya ɓace.

To me aka gwada ya yi aiki? Carnegie Mellon ta cire sabo da rubuta manhaja daga abin da take fifitawa wajen ɗaukar ɗalibai, ta buɗe ƙofofin shiga daban-daban gwargwadon inda ɗalibi yake, ta kuma horar da malaman sakandare. Mata a cikin sababbin ɗaliban sashen suka tashi daga kashi 7 cikin 100 a 1995 zuwa kashi 42 a 2000. Kwalejin Harvey Mudd da ke Kalifoniya ta bi sahu a wajen 2006, shekarar da Maria Klawe ta zama shugabarta. Suka raba darasin farko gida biyu, masu sabo daban, sababbin shiga daban. Suka sake darasin ya koma kan warware matsalolin gaske da harshen Python. Ɗalibin da ya saba cika aji da nuna sani kuwa, malami yakan ja shi gefe ya yaba masa, ya ce su riƙa yin wannan hirar su biyu bayan darasi. Daga wajen kashi 10, mata suka kai wajen kashi 40 a cikin 'yan shekaru, kuma a 2016 sun haura rabin masu kammala digirin kwamfuta a kwalejin. Ba a rage wahalar karatun ba. Ƙofar aka gyara, kuma maza sababbin shiga ma sun ci moriyar gyaran.

Gani ya kori ji, shi ya sa kawo mata masana su yi wa ɗalibai magana yana da amfani, amma akwai yadda ake yinsa. A Faransa an gwada abin a kan ɗaliban sakandare kusan 20,000 na yankin Paris, inda mata masana kimiyya suka riƙa shiga aji na awa ɗaya. Ziyarar ta ƙara yawan 'yan matan ajin ƙarshe da suka nemi manyan kwasa-kwasan kimiyya. Abin da ya fi jan hankalina shi ne baƙin da suka fi tasiri su ne waɗanda suka nuna yadda aikinsu yake da abin da ke cikinsa na daɗi, ba tare da sun cika nanata ƙarancin mata a fannin ba. Wannan gargaɗi ne gare mu masu son abin. Idan ka tara 'yan mata ka shafe awa guda kana lissafa musu irin wahalar da ke jiransu da yadda za su kasance su kaɗai, ka kore su ne da bakinka, ko da niyyarka alheri ce. A Jami'ar Massachusetts da ke Amherst kuma an haɗa ɗalibai mata 'yan shekarar farko a injiniyanci da yayye, wato ɗaliban da suka girme su a karatu. Waɗanda aka haɗa da yaya mace, duk cikinsu ba wadda ta bar fannin a ƙarshen shekarar. A cikin waɗanda ba a ba su kowa ba, kashi 11 cikin 100 sun fita. Ba shahararriya ake buƙata ba, wadda ta riga ki da shekara biyu ta isa, wadda za ta ce miki ita ma ta faɗi wannan jarrabawar kuma ga ta nan.

Akwai Ranar 'Yan Mata a Fasahar Sadarwa da ITU, hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ware, Alhamis ta huɗu a watan Afrilu, ana yin ta tun 2011. Akwai ƙungiyoyi irin su AkiraChix da aka kafa a Kenya a 2010 da Girls Who Code a Amurka a 2012. Ina girmama wannan aiki. Sai dai bikin rana ɗaya ana auna shi ne da abin da ya biyo baya ranar Litinin: yarinyar da aka burge ta samu na'urar da za ta taɓa, ko kuwa hoto kawai aka ɗauka da ita?

Domin ga miliyoyin 'yan mata, maganar ba ta ma kai ga aji ba. Rahoton UNICEF na 2023 ya ce a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi kusan kashi 90 cikin 100 na 'yan mata da matasan mata ba sa amfani da intanet, kuma takwarorinsu maza sun ninka su damar shiga. Wani rahoton hukumar na 2016 ya nuna 'yan mata masu shekara 5 zuwa 14 suna kashe lokacin da ya fi na maza da kashi 40 cikin 100 a aikin gida. Ƙwarewa a na'ura kuwa daga lokacin da ba na kowa ba take fitowa, awannin da yaro zai zauna ya lalata abu ya gyara ba tare da an kira shi ba. Iyaye da yawa suna nesanta 'ya mace da waya ne saboda tsoron miyagun da ke intanet, kuma tsoron nan yana da tushe, domin cin zarafin mata a kafafen sada zumunta gaskiya ne. Amma yarinyar da ta san yadda ake kulle asusu, da yadda ake gane saƙon yaudara, da inda hotonta ke zuwa idan ta tura shi, ta fi wadda aka ɓoye wa na'ura tsira, don wata rana dole wayar ta zo hannunta.

Yanzu a ce yarinya ta tsallake duk wannan, ta yi digiri, ta samu aiki. Nan ne masu kiran a shigo suka fi yin shiru, kuma nan ne ɓarnar ta fi ciwo. Binciken da Sylvia Ann Hewlett ta jagoranta a 2008 ya gano kashi 52 cikin 100 na matan da ke aikin kimiyya da injiniyanci da fasaha a kamfanoni suna barin aikin, akasari bayan sun haura shekara 35, daidai lokacin da ya kamata su fara jagoranci. Dalilan da suka bayar sun haɗa da wurin aiki mai raina mace, da kaɗaici, da awannin aiki marasa iyaka, da rashin sanin ta inda ake hawa sama. Cika makarantu da 'yan mata alhali ofis yana haka, ɗibar ruwa ne da kwando.

Rainin ba kullum yake fitowa da murya ba. A 2012 masu bincike a Jami'ar Yale sun aika wa malaman kimiyya 127 takardar neman aiki guda ɗaya, kalma da kalma, sai dai wasu sun ga sunan John a sama, wasu Jennifer. John ya fi samun makin cancanta, aka yanka masa albashin da ya haura dala 30,000 a shekara, Jennifer kuwa wajen 26,500. Malamai mata ma haka suka yi, wanda ke nuna ba mugunta ce ta wani jinsi ba, sabo ne da ya zauna a kan kowa. Wani nazari na 2017 a kan miliyoyin gyare-gyaren manhaja da aka miƙa a dandalin GitHub, inda masu rubuta manhaja ke haɗa hannu a kan aiki, ya gano ana karɓar na mata fiye da na maza kaɗan, amma idan mace baƙuwa ce a aikin kuma ana iya gane jinsinta daga shafinta, sai karɓar ta ragu. Irin wannan ana magance shi da abubuwa marasa armashi: a rubuta ma'aunin ɗaukar aiki kafin a ga masu nema, a yi wa kowa tambayoyi iri ɗaya, a bayyana matakan albashi, a duba wa ake ba aikin da ke kai mutum gaba, wa kuma ake barin wa rubuta bayanan taro.

Sai maganar haihuwa da raino, wadda ba a kauce mata. Claudia Goldin, wadda ta samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2023, ta nuna cewa ratar albashi tsakanin maza da mata tana buɗewa sosai ne bayan haihuwar farko, musamman a ayyukan da ke saka wa wanda ake samu kowane lokaci, dare da rana. Abin mamaki, rubuta manhaja yana cikin ayyukan da suka fi sauƙin yi daga ko'ina, kuma an tabbatar da haka tun kafin intanet. A 1962 Stephanie Shirley ta kafa kamfanin manhaja a Ingila da jarin fam 6, ta riƙa ɗaukar matan da aure ko haihuwa suka raba da aiki, suna rubuta manhaja a gida da fensir da takarda da wayar tarho. Da ta ga ba a amsa wasiƙunta, sai ta koma sa hannu da sunan namiji, Steve, amsa ta fara zuwa. Ma'aikatan nan nata ne suka rubuta manhajar na'urar naɗar bayanan jirgin Concorde.

Wani zai ce, to in mata ba su shiga ba, me aka rasa? Joy Buolamwini, 'yar asalin Gana, tana ɗaliba a jami'ar MIT ta Amurka ta tarar manhajar gane fuska ba ta ganin fuskarta sai ta saka farin abin rufe fuska. Ita da Timnit Gebru, haifaffiyar Habasha, suka gwada manhajojin manyan kamfanoni uku a 2018, suka tarar kuskurensu wajen gane jinsin farin namiji bai kai kashi 1 cikin 100 ba, a kan baƙar mace kuwa ya kai kusan kashi 35. A shekarar ce kuma kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ba da rahoton cewa Amazon ta watsar da wata manhajar tantance masu neman aiki, domin ta koya daga takardun shekara goma da maza suka mamaye, har ta fara rage wa takarda maki idan ta ga kalmar da ke nuna ta mace ce. Apple ta fito da manhajar lafiya a 2014 mai bibiyar abubuwa barkatai na jikin mutum, amma babu lissafin al'adar mata sai a shekarar da ta biyo. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A ɗaya gefen, lokacin rikicin bayan zaɓen Kenya na ƙarshen 2007, Ory Okolloh ce ta kawo shawarar taswirar da jama'a za su riƙa aika rahoton inda ake tashin hankali, ita da Juliana Rotich da abokan aikinsu suka kafa Ushahidi, wadda aka yi amfani da ita a girgizar ƙasar Haiti ta 2010.

Duk da haka ba na son a tsaya a kan wannan hujja kaɗai, don tana iya zama wani kejin. Idan aka ce a kawo mata saboda suna da taushin zuciya ko sun fi fahimtar mutane, gobe za a tura su sashen kula da abokan ciniki a bar wa maza ginin injin. Radia Perlman ta ƙirƙiro a 1985 tsarin da ke hana saƙonni yin ta zagaye a cikin hanyoyin sadarwar kwamfuta, kuma lissafi ne tsantsa. Mace tana da haƙƙin shiga wannan aiki don yana burge ta, ko don yana da albashi mai kyau, kamar yadda ba a tambayar namiji wace gudummawa ta musamman jinsinsa zai kawo.

Zuwan ƙirƙirarriyar basira ya ƙara wa maganar gaggawa. Nazarin da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar a 2023 ya nuna aikin akawu da na sakatariya ne suka fi fuskantar barazana daga wannan fasaha, kuma a ƙasashe da yawa mata ne suka fi yawa a cikinsu. Wato na'urar tana zuwa inda mata suke, ko sun je inda take ko ba su je ba. Gaskiya ne yanzu inji yana iya rubuta manhaja da kansa, amma sai an samu mai karanta abin da ya rubuta ya gane inda ya kauce, irin aikin da yarinyar teburin nan ta yi da yatsanta sau biyu.

Shi ya sa idan uwa ko uba ko malami ya tambaye ni ta ina zai fara, nakan ce ya lura da hannunsa. Yarinya tana rubuta umarni, jan rubutun da ke nuna kuskure ya fito a allo, ta ɗago kai ta dube ka. Abin da yawancinmu muke yi, cikin ƙauna, shi ne mu ce kawo in gani, mu jawo allon madannai gabanmu, mu gyara cikin daƙiƙa goma. Da namiji ne, sau da yawa cewa muke yi sake gwadawa. Na koya wa kaina in mayar da hannuwana baya in ce ta karanta mini abin da jan rubutun ya ce, da ƙarfi, kalma bayan kalma. Yawanci yana faɗin lambar layin. Takan gangara ta ƙirga, ta tsaya, ta yi shiru na wani lokaci mai tsawo da ke sa mutum ƙaiƙayin tsoma baki. Sannan ta ga alamar baka ɗaya da ta buɗe a rubutun ba ta rufe ba, ta rufe ta, ta danna.